Telgiram ɗin da ke jikin bango

Yaya Zenzo,

Gaisuwa, tunda ita aka koya mana. Jiya na shiga Bulawayo sayen takalmi. Tsohon gidan wayar nan an mai da shi kantuna, sun ƙawata bango da tsofaffin telgiram a cikin gilashi. Na tsaya kallo, sai ga nawa: BABA BA LAFIYA SOSAI KA ZO. A ƙasa ga sa hannun wanda ya karɓa, da wannan Z taka mai jela.

Shekara talatin da biyar kana rantsuwa bai iso maka ba. Shekara talatin da biyar Mama tana cewa ni ce ban aika ba, ni na hana Baba ganin ɗansa. Ka zo Filabusi ka faɗa mata da bakinka, ko ni in kai ta ta ga telgiram ɗin.

Ƙanwarka,
Sithembile

Sithembile,

Ina gaishe ki, ina gaida Mama. Su wa suka ba su izinin rataye asirin mutane kusa da shagon takalmi?

E, na karɓa. Amma kin san mu: ba a aika mutuwa da sunanta. Da Kaka ta rasu "ba lafiya sosai" aka rubuto, haka da Kawu Jabulani. Na karanta, na yi kukana, na ce kabari ba ya gudu, bari in ƙarasa mako. Da na iso aka ce kwana huɗu Baba ya yi yana kiran sunana kafin ya rasu. Me kike so in ce a ranar?

Mama ta kusa casa'in. Kada ki kashe ta don wanke kanki.

Yayanki,
Zenzo

Yaya,

Gaisuwa. Ba ka rasa abin cewa ba ai, ka samu, ka ɗora a kaina. Asabar za mu shiga mota.

Sithembile

Yaya,

Na kai ta. Na karanta mata har sau biyu, na ɗora yatsanta a kan gilashin. Sai ta ce, "Wayyo ɗana, shi kaɗai a birni da wannan labari."

Ni ko kallona ba ta yi ba. Ta ce in aiko maka da busasshen ganyen wake, wai kana so. Yana wurin direban motar Litinin.

Ka huta lafiya. Kada ka sake rubuto mini.

Sithembile