Biyu Cikin Uku

Busan, Laraba

Uwar Seorin,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, kuma gwiwar nan ta bar ki kin huta.

Ina alfaharin sanar da ke cewa yau, bayan muhawarar awa huɗu, ƙasashen duniya sun amince da waƙafi guda. Har tafi aka yi. Mu masana mun shekara biyar muna tace binciken wasu kan ɗumamar yanayi, yanzu wakilan gwamnatoci ke bin taƙaitaccen rahotonmu layi-layi a allo. Wanda kowa ya yarda da shi sai ya koma kore. Gobe za a zo kan nawa, na ambaliyar teku. Ki ce wa Seorin ubanta na gab da shahara da layi ɗaya.

Mijinki,
Deoksu

Busan, Alhamis

Uwar Seorin,

Ina gaishe ki, ya kwanan gida? Layina ya koma kore.

A ƙa'idarmu kowace kalma awo ce. In muka rubuta "mai yiwuwa", muna nufin aƙalla biyu cikin uku. Wajen cin abincin rana, wata dattijuwa, wakiliyar wani ƙaramin tsibiri, ta ji cewa mahaifiyata ma a bakin teku take. Ta tambaye ni yadda nake faɗa mata kalmar nan da harshen gida. Na ce "wataƙila". Ta ajiye cokali ta ce, "Farfesa, a garinku haka ake kiran biyu cikin uku?"

Shekara nawa Mama na tambayata ko ruwa zai haura katangar ƙauye, ina ce mata wataƙila. Ita kuwa "wataƙila" ita ce amsar da take ba mai tallan da take so ya tafi. Da kalmata ta ƙi tashi daga ƙauyen.

Kin ji guguwar da aka ce za ta sauka ran Asabar. Na kira Mama sau shida. Sau ɗaya ta ɗauka, ta ce ba ta barin tulunan miyarta, ai ɗanta masani ya ce wataƙila.

Jirgin ruwa na ƙarshe zuwa ƙauyen Mama gobe da safe ne, ni ba zan cim masa ba daga nan. Don Allah ki je ki ɗauko ta, ko da tulunan. Ki ce mata biyu cikin uku.

Bara da kika ce mu dawo da ita wurinmu, na yi miki lacca. Ke ce da gaskiya, ni na yi kuskure.

Naki har kullum,
Deoksu