Tazara a Sahu

Daren Alhamis, unguwar Gawon Nama

Kwana huɗu da dawowata daga taron masana kimiyya da masu yaƙi da camfi a Turai, har yau tsarabar tana cikin akwati. Ba wanda ya zo yi mini sannu da zuwa.

Ni jawabi kan magungunan jabu ya kai ni. Da na sauka daga dandamali, wani Bature ya hau yana ta zuba da sauri, rabin maganarsa ban kama ba. Aka yi tafi, ni ma na tafa. Ashe addini yake yi wa ba'a, kuma bidiyon tafin nan nawa ne ke yawo a wayoyin unguwa.

Yau da la'asar na shiga sahu, Malam Bello, wanda muka shekara goma kafaɗunmu na haɗuwa, ya janye ƙafarsa. Haka muka yi raka'a huɗu.

Da muka fito, yayana Sani ya ja ni gefe. "Kwanakin ga ka riƙa sallarka cikin gida," in ji shi. "Ban iya tare maka mutane."

A ɗaki na yi Magariba, ina jin liman ta lasifika. Da ya ce a daidaita sahu, sai da na duba gefena.