Tsohon Hedifon Ba Zai Tafi Bola Ba

Zuwa ga ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku, ya buɗa maka ƙofar da ta fi wadda aka rufe. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwata ta yi sauƙi tunda na rage tsayuwa. Ƙanwarka ta koma aikin safe a asibiti, ƙaninka Dogo kuma yana nan da babur ɗinsa, ba ya jin kira ba ya jin faɗa. Babanku yana cin abinci, yana fita ƙofar gida, amma fuskarsa ba ta yi mini ba. Saboda shi na ɗauki biro, tunda wayar ka daina ɗauka.

Na ji abin da ka faɗa wa ƙanwarka. Ka ce ranar da ka kira ka shaida wa babanku an sallame ka daga aiki, ya dube ka ta bidiyon waya yana murmushi, ya ce madalla, Allah ya ƙara. Ka ce uban da zai yi wa ɗansa haka bai damu da shi ba, don haka ba ka ga amfanin kira ba. To ka gyara zama ka karanta, don ba lallashinka zan yi ba, kuma ba zan sa dattijo ya ba ka haƙuri ba. Babanku bai ji ko kalma ɗaya daga abin da ka faɗa ba. Abin da ya hana shi ji kuwa, kai ka saya, kai ka aiko.

Ka san shekarun da ya yi a gaban injin yanka katako sun taɓa masa kunne. Yana jin ana magana, amma bakin kalmomin ke ɓace masa, ga mai waldan nan na jikin katangarmu da ke yini yana kwankwatsa ƙarfe. Shi ya sa muka saya masa hedifon wurin mai gyaran rediyo na kan kwana, irin mai rufe kunne ruf, mai igiya. Da shi ya daɗe yana jin ka. Sosonsa ya fara ɓarewa, sandar saman ta tsage na naɗe ta da baƙin salatif. Ka gan shi a kansa ka ji kunya, ka aiko da sabo a kwali mai ƙyalli, ka ce a jefar da tsohon, ka ce kuma duk kiran da za ka yi kana so ka ga sabon a kansa. Tun ranar na ce a bari dattijo ya zaɓa da kunnensa. Dogo ya ce ni ban san kaya ba, wai wannan shi ake yayi, wai bes ɗinsa, wato dum-dum ɗin kiɗan, har cikin ƙirji. Na ce to, mu da ba mu san kaya ba, mun yi shiru.

Ranar kiran nan ina kasuwa. Sai da labarin fushinka ya iso na tsare babanku a ɗaki na tambaye shi. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya ce tunda aka sa masa sabon nan, bakinka kawai yake gani yana motsi, abin da ke shiga kunnensa ƙugi ne. Ya ce bai faɗa ba don ya ga yadda kake murna da kyautarka, bai so ya kashe maka jiki. Sai ya riƙa kallon fuskarka, in ka tsaya ya ce madalla. Ranar ma ya ga ka sunkuyar da kai, ya ɗauka kunyar yabo kake ji, shi ya sa ya ƙara da addu'a. Da na gaya masa ainihin abin da ka ce, ko abincin rana bai taɓa ba.

Ni ba na yanke hukunci a kan jita-jita, don haka na gwada da kaina. Na share teburin falo na ajiye su biyun, na sa ƙanwarka ta kunna wani tsohon saƙon muryarka. Gaskiya ɗaya ce, sabon ya fi kyau a ido, ya fi laushi a kunne, kuma in ya rufe ka ko guduma mai walda ya jefo ba za ka ji ba. Amma muryarka a cikinsa kamar ka zura kai a ganga ka yi magana, dum-dum ɗin ya hau kan kalmomin ya danne su. Ni da kunnena ke lafiya sai da na dage kafin na tsinci zancen. Na sa tsohon. Shi ma yana da nasa kaurin, kuma yana barin ɗan bugun ƙarfe ya shigo, amma maganar tana fitowa gaba, har inda ka ja numfashi na ji. Muka sa wa babanku su ɗaya bayan ɗaya. Da sabon ya zuba mana ido kawai. Da tsohon kuwa, tun ba ka gama sallama ba ya amsa da ƙarfi, kamar kana tsaye bakin ƙofa.

Dogo bai haƙura ba, ya ce a gwada da kiɗa. Aka gwada. Nan kam sabon ya yi sarauta, har haƙorana suka yi rawa, na cire na ce Allah ya shirya masu yini da wannan a ka. To ka gaya mini, babanku makaɗi ne? Ka zaɓa masa abin da kai kake so, ba ka tambaye shi abin da yake ji ba. Ga shi sai an yi masa caji, ga madannan da ba a gani, da hannunsa ya shafa sai kira ya katse. Tsada ba ta sa ya ji ɗansa ba, kuma ni iyakar abin da nake auna kaya da shi ke nan.

Saboda haka ga matsayina. Tsohon ba zai tafi bola ba, ko da abokanka za su gan shi su yi dariya har su faɗi. Na ƙara masa salatif, in ya sake tsagewa zan sake ƙarawa. Sabon na mayar da shi kwalinsa na ɗora kan kabad. Dogo sai zagaya shi yake yi kamar mage, na ce ba zan ba mai tuƙa babur abin da zai toshe masa hon ba, in yana neman hanyar asibiti ya bi yayarsa da ƙafafunsa. Naka ne, ka faɗi yadda za a yi da shi.

Maganar aiki kuwa, ta dame mu, kuma muna yi maka addu'a. Amma rashin aiki bai ba ka izinin juya wa mahaifinka baya ba. Ba haka na rene ka ba. Wanda ya ji zafi yakan tambaya kafin ya yi fushi, kai kuwa ka yi fushi ka kai ƙara wurin ƙanwa. Ka kira shi. Ka faɗa masa labarin tun daga farko, a hankali, ka bar shi ya ba ka amsar da ya kamata ka samu tun ranar. Yana da ita, ya shirya ta, har ni ya hana in ji.

Ka gaishe mini da surukata, ka ce na yaba da haƙurinta. Ka gaishe da jikokina, Sarkin Ɓarna da 'Yar Lele. Gwaggonka da kawunka direba suna gaishe ka. Babanku bai ce in gaishe ka ba, ya ce da bakinsa zai yi. Kullum lokacin da ka saba kira yakan zauna a kujerar falo, ya soka igiyar a waya, ya ɗora tsohon a cinyarsa. Yanzu ma da nake rufe takardar nan yana can zaune.

Wassalam,
Mahaifiyarka.