Ajujuwan Kamilu a Sabuwa

Ƙanƙara, 9 ga Agusta

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Malam da yara da mutanen 'Yankara baki ɗaya. Ya ƙafar taki? Ya damina? Mu nan lafiya lau, na zo gida hutun jami'a. Mai ɗakina Najiba na gaishe ki.

Kin ce in je Sabuwa in ga ajujuwan firamaren da ɗanki Kamilu ya samu kwangilarsu, in sa mashi albarka, tunda ni ne kawunsa, ni kuma na koyar da shi gini a jami'a. To, na je ran Talata. Hanya dai kin san ta da rashin tsaro, da hantsi muka shiga garin, muka fito kafin la'asar.

Ga abin da na gani. Na ɗauki bulo na murza, ya wargaje a hannuna kamar dambu. Rodin ginshiƙai bai kai kaurin da zanen ginin ya ce ba. Linta kuwa, kankaren nan na bisa ƙofa da taga, an zuba ta Alhamis, an cire katakon da ke tallafe da ita Asabar, ko ruwa ba a ba ta ba. Har ta fara tsagewa.

Na ja shi gefe don kada in kunyata shi gaban leburori, na ce a rushe a sake. Ya yi dariya, wai nan ba ajin jami'a ba ne, kowa haka yake yi, fenti zai rufe. Fenti! Shekara ashirin da biyu ina koyarwa, ban taɓa jin inda fenti ya riƙe gini ba.

Na ba shi mako biyu. Ki yi mashi magana, ke yake ji.

Ki gaishe da kowa.

Ƙanenki,
Mani

Ƙanƙara, 27 ga Agusta

Yaya Lauratu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kin tashi lafiya, da jiki da sauƙi. Tunda kin daina ɗaukar wayata, na ba direban motar kasuwa wannan takarda. Baba Gide, dattijon danginmu da kika aiko, ya iso da saƙonki, cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma in tuna ke kika goye ni bayan rasuwar Inna.

Kamilu bai rushe ba, kwano ma ya ɗora. Don haka na kai rahoto ga waɗanda suka ba shi aikin. Injiniyoyinsu sun duba, an tsayar da gini, kuma da wuya ya sake samun kwangila nan kusa. Ni na kai da hannuna, kada ki zargi kowa.

Kin sha tambayata me ya hana ni bin kamfanonin Abuja da suka neme ni, na liƙe wa allo da yajin aiki. Ban taɓa ba ki amsar kirki ba. Ga ta yau. Magini in ya yi kuskure, gida guda ya ɓata. Ni ko duk shekara ɗalibai tamanin nake sallama, kowa ya nufi garinsu da abin da na zuba mashi a ka. In na bi ta Faskari na ga 'yar gadar da ɗalibata Saudatu ta yi, damina shida ruwa na dukanta ko gezau, daɗin da nake ji Abuja ba ta da shi.

Sai dai akwai abin da ni da ke muka sani. Shekara huɗu da suka wuce Kamilu ya faɗi jarrabawar kankare, kika zo har ofis kina kuka, na ƙara mashi maki tara. Tun ran gini tun ran zane, Yaya. Tsagar lintar nan daga alƙalamina ta fara. Shi ya sa na rubuta wa shugaban sashenmu na faɗi abin da na yi. Ban ambaci sunanki ba. Kwamiti zai zauna ran Alhamis a kaina, da kan takardar shaidar Kamilu. Ko gargaɗi ko kora, Allah masani. Najiba ta yi fushinta na kwana biyu ta huce.

Wallahi naki fushin na ci mani rai, kuma ban jin zan saba da shi. Ban manta da goyon da kika yi mani ba. Amma yara sittin ne za su zauna a kowane aji, kuma kowannensu akwai wadda ta goye shi.

Ki gaishe da Malam. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa.

Ƙanenki, ko kin amsa ko ba ki amsa ba,
Mani