Na Kankare Sunan da ke Jikin Tabarau ɗin Surukina

Malama mai wannan fili, ki taimake ni da shawara kafin hawan jini ya kayar da ni. Ban yi boko ba, telan da ke kusa da shagona ne ke rubuta miki, kuma na gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Tun ina saurayi nake ƙera tabarau da hannuna. Ƙahon shanu nake gasawa, in miƙar, in yanka, in bi da magagari, in goge har mutum ya ga fuskarsa a jiki. Ban taɓa yi wa kowa ba sai na auna karan hancinsa da bayan kunnensa. Yanzu kuwa kowa ya kwaso roba ya kifa a fuska kamar ƙuda, wai gayu.

Cikinsu har da mijin autata. Yaron nan ko gaishe ni ya zo, baƙin gilashi na fuskarsa, ban sani ba ko ni yake kallo ko silin. Lokacin aurensu na yi masa na ƙaho, aikin da ya cinye mini fatar yatsu. Da na je gidan, a fuskar 'yar tsanar jikata na same shi. Na haɗiye.

To ran nan ya aiko matarsa da nasa na gayun, wai ƙafa ɗaya na rawa, in ɗaure. Na ɗaure. Sai na ga wani farin ƙarce-ƙarce a kusurwar gilashin, da wani mai ruwan gwal a ƙafar, kamar kaza ta yi tono. Ni ba na mayar da kaya da datti. Na sa samfefa mai laushi na bi su tas, kyauta ma.

Ashe wai sunan wanda ya yi shi ne, kuma wai sunan aka saya, ba gilashin ba. Malama, suna ne ke tare rana? Ni ma ina da suna, ban taɓa sayar wa kowa ba.

Yanzu ya ɗauke ƙafa, ya hana a kawo mini jikata, ita kaɗai ce fa ke zama ta saurari labarina har ƙarshe. Uwargidata ta ce in je in ba shi haƙuri. Ni? Wanda na ba 'ya sukutum? Ki gaya masa gaskiya, yana karanta filinki.

Tsoho Mai Ƙaho

Baba Mai Ƙaho, sannu da aiki. Gaskiyar zan faɗa, amma da kai zan fara.

Ƙafa aka ce ka ɗaure, ba wanka aka ce ka yi wa tabarau ba. Kuma wanda bai yi boko ba ma yana gane rubutu in ya gani. Saboda haka ɗayan biyu ne: ko dai idonka ya fara gajiya, ka je a auna maka shi, ko kuwa ka gane sarai, haushin 'yar tsana ne ya riƙe samfefar. Kai ka san wanne.

Surukinka ma bai kyauta ba. Aikin hannun uban matarsa ba abin wasan yara ba ne, kuma ba a hukunta tsoho da jikarsa. Malam, in kana karantawa, cire gilashin ka sake karanta layin nan.

Baba, ka je gidan da kanka, ka ce masa ka yi kuskure. Girmanka ba zai zube ba. Ka faɗi maganar 'yar tsana a fili, wataƙila bai san ta ci maka rai ba. Sannan ka auna hancinsa ka yi masa sabo na ƙaho, tunda suna yake so, tela ya zana maka naka ka sassaƙa a ƙafar. In ya kankare, kun yi kunnen doki.

Allah Ya daidaita ku, Ya dawo maka da mai sauraron labarinka.