Na Zagi Kaina Don Kada In Rasa Ƙawata

Assalamu alaikum Tanti, da ku masu karanta wannan shafi. Ina yi muku fatan alheri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Sau uku ina rubutawa ina gogewa.

Shekarata goma sha takwas, ina ajin ƙarshe a wata lise, wato sakandare, a nan Damagaram, bana zan yi jarrabawar bak in Allah ya yarda. Daga wajen Zermu nake, karatu ya kawo ni gidan kawuna a Kara-Kara. Ba a wulaƙanta ni, gaskiya, amma gida ne da kowa ke cin tuwo da hannu ɗaya, ɗayan yana kan salula. A aji ma shekara uku ina bencin gaba, in ba malami ya yi tambaya ba babu mai jin muryata. Da Kawu ya ba ni tsohuwar wayarsa bara, aka sa ni a gurup ɗin aji, na yi sallama. Har yau ba a amsa ba.

Akwai wata 'yar ajinmu, zan kira ta Rabi, mai fara'a ce, kowa nata ne. Wata rana ta rubuta a gurup tana neman darasin falsafa da ya wuce ta, aka yi ta tura hotunan dariya, ba wanda ya kula ta. Ni kuwa darasin yana gabana. Na ɗauki hotonsa, na kasa turawa. In ta ce wace ce wannan fa? Sai na tuna akwai tsohon pus na matar Kawu a cikin wayar, layin da ta daina amfani da shi. Na buɗe wani wasap da shi, na sa suna Zainabu, na ce a wata lise daban nake, wata 'yar'uwata ce ta nuna mini saƙonta. Na tura mata shafukan kayena, littafin da nake rubuta darasi.

Wata bakwai ke nan. Tanti, ban san ina da hira ba sai da na zama Zainabu. Rabi ta gaya mini ciwon innarta, da tsoronta na faɗuwa bak, abubuwan da ko masu rakiyarta sayen fanke ba su sani ba. In ta ce in yi mata bokal ta ji muryata, sai in ce wayata ba ta ɗaukar magana. Da safe kuma ta wuce ta gaban bencina, gefen hijabinta ya taɓa littafina, ko kallona ba ta yi. Laifinta ne? Ai ba ta san ni ba.

Ni mai tsari ce a rubutu. Kan darasi da jan biki, wato biro, bayani da shuɗi, kowane shafi sai na ja masa layi biyu da rula a gefe. Wanda ya ga kayena sau ɗaya ba zai manta ba, Rabi kuwa ta gan shi a waya ya fi a ƙirga. To makon jiya ta kai innarta gidan likita, darasin tarihi ya wuce ta. Da aka fita hutun ƙarfe goma sai ga ta a kaina, karo na farko tun da muke.

"Ke 'yar Zermu, malamar aji, ara mini kayenki na tarihi mana, gobe in dawo da shi."

Na ɗora hannu a kai na danne. Na ce, "Ba na ba da aro."

"Ikon Allah! Cinye shi zan yi? Ko gado ne?"

Aka kwashe da dariya. Ta tafi tana tafa hannu, ni kuwa zufa har cikin hijabi.

Da la'asar saƙonta ya shigo. "Zainabu, wallahi akwai wata a ajinmu, girman kai kamar ita ta haifi boko. Innata tana kwance, na roƙe ta kaye, ta hana ni a gaban mutane." Kun san abin da na amsa? Na ce, "Rabu da ita, irinsu shi ya sa ba su da ƙawa." Da hannuna na rubuta. Sannan na buɗe kayen nan da na hana ta, na ɗauki hoton shafi huɗu na tura. Ta ce, "Allah ya bar mini ke." Na shiga banɗaki na yi kuka don kada 'ya'yan Kawu su gani.

Yanzu abin ya fi ƙarfina. Yayanta ya duba wayarta, ya ce ƙawar da ba ta da fuska ba ta da murya namiji ce, wani ne yake wasa da hankalinta. Ta rantse, bai yarda ba. Suna da allo da aka shafa a bangon zaurensu, inda ita da ƙawayenta suke bitar bak ran Asabar. Ya ce ko Zainabu ta zo wannan Asabar ɗin ya gan ta da idonsa, ko ya karɓe wayar ya kai maganar gaban babansu. Jiya ta rubuto mini, "Ki rufa mini asiri ki zo, ki taho da kayenki. Inna ma tana son ganin wadda take yi mata addu'a."

In na je, wadda ta kunyata ta a aji za ta gani a ƙofar gidansu, riƙe da sirrinta na wata bakwai. In ban je ba, za a ɗora mata abin da ba ta yi ba, a gidan da ake jinya. Ko ta ina, ina ganin na rasa ta, kuma ita kaɗai ce ke tambayata ko na ci abinci.

Yau Alhamis. Don girman Allah ku gaya mini, in gaya mata a waya, ko in tare ta a aji gobe, ko in je kawai in yi sallama? Me zan yi?