Abokina Ya Zaga Makka Da Idona

Malam mai filin shawara, don Allah ka agaza mini, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni tela ne a unguwar Jarwal, nan Makka. Na fi shekara ashirin rabona da Kazaure. Bana Allah ya kawo abokina Ja'afaru aikin hajji, wanda muka yi kiwon awaki tare muna yara. Da aka sauko daga Mina na rantse ba zai tafi ba sai na nuna masa garin nan lungu-lungu. Na rufe shago. Na kai shi maƙabartar Mu'alla, na kai shi gindin Dutsen Nur, muka bi kasuwar masu turare da ta masu darduma. Bayan isha'i kuwa gahawa muke zuwa, wato gidan shan shayi, mu miƙe kan dogayen kujerun igiya, shayi na zuwa, muna tsokanar Hijazawa da Hausa, su ba su san da su muke ba. Rabona da irin wannan dariya tun mahaifiyata na da rai.

Duk inda muka tsaya sai ya dafa kafaɗata, wai in faɗa masa abin da nake gani tunda ni ne ɗan gari. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, sai in ɓarke da bayani, har launin rawanin mai shayi. Na ɗauka ƙauyanci ne, har ina yi masa ba'a.

Ran Alhamis a gahawa ya tambaye ni abin da ya hana su kunna fitila. Malam, fitilar tana bisa kansa tana huci, ƙwari sun yanyame ta.

Sannan ya faɗa mini gaskiya. Idonsa ya fara mutuwa tun a hanyar zuwa, suna tsinkar auduga a Sudan don neman guzuri. Da rana hazo-hazo yake gani, da dare ba komai. Bayanin nan nawa haddace shi yake yi, don ka san sabon alhaji: gari ke taruwa a zaurensa a ce ya ba da labarin abin da ya gano. Yanzu kuma ya karaya. Wai ya bar gida da ƙafarsa, ba zai koma ana ja masa sanda ba. Yana so in gaya wa ayarinsu ya zaɓi zaman Makka don ibada. Ayarin zai tashi bayan Ashura, ga matarsa da 'yarsa Mairama suna zuba ido a gida.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma ina so ya zauna, kaɗaici ya ci ni a garin nan. In rufa masa asiri ko in tona? Ba na iya barci.

Mai Allura, Jarwal, Muharram 1371.

AMSA

Mai Allura, wasiƙarka ta taɓa ni. Allah ya saka maka da wannan zumunci.

Tsoron Ja'afaru ba na banza ba ne, kuma asirinsa nasa ne. Kada ka je wa ayari da maganar a bayan idonsa. Amma saƙon da ya ba ka ƙarya ne, kuma mata biyu ne za su ɗauki nauyinsa, suna zaton ya guje su yana lafiya lau. Ka dubi kanka ma: son da kake yi ya zauna, rabi don kai ne.

Ka zaunar da shi da rana, ba a gahawa ba. Ka ce masa ba za ka kai wannan saƙo ba, amma za ka raka shi wurin madugun ayarin ya faɗa da bakinsa. A samo mutum guda mai amana da zai riƙe hannunsa tun daga jirgin ruwan Jidda. In sun iso Kano, ya tsaya likitan ido ya duba shi, don ba kowane hazo ne makanta ba.

In bayan haka ya ce zama zai yi, to, a gaya wa iyalinsa ainihin dalili. Amma ka roƙe shi ya tafi, ko da kai za a bari da kewa. Mutanen zaure kwana biyu za su yi su watse. Mairama kuwa ubanta take jira, ko yana gani ko ba ya gani.

Allah ya ba shi lafiya, ya kai shi gida, kai kuma ya ba ka juriyar rakiya.